Ranar da Kawu Labbo ya kama bakinsa

Kawu Labbo bai iya raɗa ba. Allah ya hore masa komai na harkar baki, wannan ɗaya ya hana shi. Ku da kuka zauna da shi a zauren nan, wa ya taɓa jin ya yi magana ƙasa-ƙasa? Kun gani, sai murmushi kuke yi. In ya ja ka gefe ya ce, "Matso in hwaɗa maka wata magana, tsakanina da kai," to ka sa a ranka mai tallan fura da ke wucewa ta ji, liman ya ji daga cikin masallaci, kafin la'asar kuwa an gama tattauna ta a bakin rijiya. Ba tsegumi ba ne, wallahi ba shi da wannan hali. Shi dai abin da ke ransa shi ne a bakinsa, bakin kuma ba marfi. In an yi masa ƙorafi sai ya bugi tumbinsa ya ce, "Ni cikina zaure na, ba shi da ƙurya. Kowa shi shigo shi ga abin da ke ciki."

Tun da zaɓe ya sake ƙaratowa kun cika zauren nan da gardama, wannan ya ce namu ne zai je majalisa, wancan ya ce a'a namu ne. Kullum in na zauna ina jin ku sai ya faɗo min a rai. To yau ku bar ni in yi tawa. Ni Mani, ɗan ƙanwarsa, a hannunsa na tashi tun da mahaifina ya rasu, na fi kowa shan wahalar bakin nan, don haka na fi kowa haƙƙin ba da labarinsa. Kada wani ya ce ban kwaikwayi muryarsa daidai ba. Har ya bar duniya yana yi min gori wai makarantar boko ta lanƙwasa min harshe na koma Bakano.

Kawu mahauci ne, cikin rundawan Sakkwato ma shi ne babba a zamaninsa. Rumfarsa ce ta farko in ka shiga layin masu nama. Wata rana ina wurin wani baƙo ya tsaya, daga jin gaisuwarsa ka san daga Kano ya zo. Ya nuna wata cinya da ke rataye ya ce, "Malam, naman nan na yau ne?"

Kawu ya ce, "Wanga? Na jiya na. Saniyar ma tsohuwa ta, ta girme ka. In mai taushi kaka so, tahi wajen maƙwabcina can, shi yay yanka ɗan bijimi da sahe."

Baƙo ya yi sororo. Ya dubi naman, ya dubi Kawu, ya waiga ko akwai wanda ke dariya. Can ya ce, "To kai baba me kake sayarwa a nan?"

"Gaskiya nika saidawa, naman gyara na."

Mutumin nan ya yi dariya har ya dafa ginshiƙin rumfa, ya ce a yanka masa tsohuwar saniyar, ko haƙoransa za su zube sai ya ci. Daga ranar duk zuwansa Sakkwato a wurin Kawu yake sauka.

Wannan kaɗan ne a kan abin da ya yi min. Da na gama makarantar horon malamai na fara koyarwa, Kawu ne ya ja gaban manya zuwa gidan su Asabe nema min aure. Ga ta can yanzu haka bayan labule tana dariya, ta san inda na dosa. Ni ban je ba, tun da mai neman aure ba ya zuwa, amma baffana da aka je da shi ya dawo rigarsa sharkaf da gumi, shi ya kwashe min komai. Aka gaisa, aka ajiye goro, baffana ya gyara murya zai fara yabona, yaro mai hankali, mai aikin gwamnati. Kawu ya ɗaga masa hannu.

"Dakata. Ni ban taɓa saida dabba na ɓoye aibinta ba, ba bisa ɗana zan hwara ba. Malam, yaron ga namu shina da barcin sahe. Shina minshari, daga zaure aka jin shi. Jikan rundawa na, amma in ya ga jini jiri shika ji, ko kaza ba shi iya yankawa. In miya ba ta yi mai ba kuwa, ba shi magana, kumburi shika yi har kwana biyu."

Mahaifin Asabe ya saki baki. Ya ce, "Malam Labbo, aure kunka zo nema, ko ƙaratai kunka kawo?"

"Aure na. Ba shi ƙarya, ba shi zagi, uwatai ba ta taɓa kuka sabo da shi ba. Ga aibi ga kirki, kai ka auna."

Tsohon ya yi dariya har da hawaye, ya ce ya ba ni, tun da ba sauran abin da za su gano daga baya. Kawu ya ce, "Akwai saura, na mance na. In na tuna ina aikowa." Jama'a, wallahi ya aika! Bayan kwana uku ya tashi manzo takanas zuwa gidan surukaina, wai a gaya wa Malam yaron nan yana tsoron kare.

To sai ga shekarar babban zaɓen nan, wadda daga ita sai ta samun 'yancin kai. Kai, ku da ba ku gani ba na tausaya muku! Gari ya ɗauka gaba ɗaya. An ce Nasara za su tattara nasu su tafi, kuma mu da hannunmu za mu zaɓi waɗanda za su je majalisar Ikko, wato Legas, su riƙe ƙasa. A da in za a yi zaɓe sai a taru a ƙofar gidan mai unguwa a ɗaga hannu, ko a yi layi a bayan wanda ake so, waɗanda aka fitar su je can su zaɓi wasu, mu sai dai labari. Wannan karon aka ce kowane magidanci da kowane saurayi baligi, malami da mai jaki, ƙuri'arsa tana hannunsa. Mata ba a ba su ba a lokacin. Inna, matar Kawu, ta ce an yi wa 'yan takara gata, don da ita za ta duba su duk sun faɗi.

Ko'ina ka leƙa maganar ke nan, a majalisar dattawa, a wurin wanzami, a bakin masallaci bayan an sallame. Makaɗa ba su huta ba. Ga motoci da aka ɗora wa lasifika suna zaga unguwanni. Ranar da ta farko ta shigo kasuwa kowa ya bar cinikinsa ya bi ta da kallo. Kawu ya saurara, ya karkata kai, ya ce, "Wanga ƙaho da sunka ɗora bisa mota, mi yah hi ni da shi?" Ya ja numfashi ya ƙwala, "Ga nama!" Mai magana a cikin motar ya katse jawabinsa ya leƙo ta taga, yana neman inda motar abokan hamayya ta ɓullo. Daga ranar aka laƙaba masa Labbo Lasifika, shi kuwa har daɗi yake ji.

A mazaɓarmu mutum biyu suka tsaya. Da yake yawancin jama'a ba su karanta boko, kowane ɗan takara da alamarsa, ɗaya tulu, ɗaya fitila. Mu ma ba ma kiran sunayensu, mai tulu da mai fitila kawai. Dukansu sun san mahauta da majema, wato masu jimar fata, ba sa wuce abin da Kawu ya yi, don a sana'ar nan babba ke fara sa wuƙa, na baya su bi. Sai kowannensu ya zo gaishe shi a rumfa.

Mai tulu ya fara zuwa, ƙaton mutum, riga kan riga, da makaɗa da 'yan rakiya. Aka shimfiɗa masa tabarma ya zauna ya fara zuba alkawura. Kawu ya bari ya yi nisa, sannan ya ce, "Ranka shi daɗe, tashi ka yi tahiya in gani. Daga nan zuwa rumhwar can, ka dawo."

Wani daga cikin 'yan rakiya ya ce haba Malam Labbo.

"Haba mi? Ni ban taɓa sayen sa shina kwance ba. Ikko da nisa, in ga ko ƙahwa na kai shi."

Mai tulu ya ga kasuwa duk ta zuba ido, ya ga dai ƙuri'u yake nema, ya tashi yana dariyar yaƙe ya taka, ya je ya dawo, kasuwa ta ɗauki shewa. Kawu ya ce ya buɗe baki. Wallahi ya buɗe! Kawu ya leƙa ya gyaɗa kai. "Haƙora sun cika. Amma kitse ya yi yawa, in tahiya ta yi nisa haki za shi yi."

Kwana biyu sai ga mai fitila a kan keke, siririn mutum, tsohon malamin asibiti. Shi ya riga ya ji labari, yana sauka ya jingine keken ya fara tafiya tun ba a ce masa ba. Kawu ya zaga shi ya ce, "Wanga kam ƙashi na zalla, ko romo ba a samu. Amma ƙahwa da ƙwari."

Mutane suka yi caa, to wa za ka bi? Ya ce, "Ina bisa aunawa. Ku taho ranar zaɓe, tsakar hili zan hwaɗi, kurma ma sai ya ji."

Ana cikin haka aka ɗauke ni malamin zaɓe, tun da mu malaman makaranta mu ne masu karatu, aka kuma ce a makarantar unguwarmu zan zauna. Aka tara mu aka koya mana aikin. Na dawo gida kaina ya kumbura, na zauna a nan inda nake zaune yanzu ina yi wa Kawu bayani. Na ce za a duba sunan mutum a rajista, a shafa masa tawada a yatsa, a ba shi takarda. A kusurwar aji an kewaye wuri da zana, a ciki akwai akwati biyu, ɗaya da hoton tulu ɗaya da hoton fitila. Mutum ya shiga shi kaɗai ya jefa a wanda yake so, ba wanda ya gani.

Kawu ya ajiye ludayin furarsa. "Bayan zana?"

Na ce e.

"Mani, bayan zana abu guda aka zuwa yi, kuma da buta aka zuwa! In zaɓi mutum in ɓoye awa ɓarawon akuya? Wanga aikin Nasara na. To ka ji, ina shiga don kar in ɓata maka aiki, amma ina hitowa zan tsaya bakin ƙohwa in hwaɗi wanda nij jehwa wa."

Na yi dariya na bar shi, don a ganina wannan ba komai ba ne, Kawu ne da halinsa. Ashe akwai wanda maganar nan ta hana cin abinci.

Kun san Bawa majemi, wasunku sun same shi da rai. Ga Sani ɗansa nan zaune. Abin da zan faɗa yanzu Bawa da bakinsa ya ce in na ga dama in faɗa bayan ransa. Shekara da shekaru shi ke kwasar fatun dabbobin da Kawu ya yanka. Abota ce ta ban mamaki, don Bawa in yana magana sai ka kai kunnenka kusa da bakinsa. Gidan da yake ciki da iyalinsa, da ramukan jimarsa, duk a filin Alhaji Jabbi suke, attajirin fatu, wanda ya ba shi wurin ya zauna tun yana saurayi. Alhaji Jabbi kuwa shi ne ƙashin bayan mai tulu a unguwarmu.

Saura kwana biyu zaɓe, bayan azahar, Bawa ya tare ni a bayan masallaci. Ya riƙo ni da hannuwansa da suka rine da bagaruwa. Ya ce, "Malam Mani, ina cikin wani hali. Alhaji ya tara mu. Ya ce ranar zaɓe za shi zauna ƙarƙashin tsamiyar makaranta. Ya san Malam Labbo na za shi hwara shiga, tun da shi na babba, ya kuma san in ya hito sai ya hwaɗi. To da ya hwaɗi, Alhaji za shi ce babba ya hwaɗi nashi, kowa shi hwaɗi, da rantsuwa."

Na ce to ai ba dole.

"Gare ka na ba dole. Ni kam, mai hitila shi yat tako gidana cikin ruwan sama, a ƙasa, ranar da Hajo ɗiyata tak kusa tahiya, bai bar gidan ba sai da ta buɗe ido. Hannuna ba shi iya wuce akwatinai. In na rantse bisa ƙarya, ina zan sa kaina gaban Allah? In na hwaɗi gaskiya, ina zan kai iyali?"

Na san Alhaji Jabbi, ba ya wasa da irin wannan, kafin magariba zai sa a fito wa Bawa da tabarminsa waje. Magani ɗaya ne, Kawu ya yi shiru. Amma ta yaya zan gaya wa Kawu sirrin mutum a cikin garin nan ba tare da unguwa ta ji ba?

Washegari da hantsi na ce masa akwai wani sa da nake so ya duba min a bayan gari. Allah ya yafe min wannan ƙaryar. Na goya shi a bayan kekena, kun dai san girman Kawu, taya har tana kuka. Na tuƙa ina haki muka wuce Runjin Sambo, lokacin duk gonaki ne, muka kama hanyar Kalambaina. Sai da na ga ba gida ba bukka, sai karan gero da wani jaki a ɗaure, sannan na tsaya.

Ya sauka yana dube-dube. "Ina san?"

Na ce babu sa, magana ce. Na gaya masa duka.

"Bawa?!"

Tsuntsayen da ke gonar suka tashi gaba ɗaya, jakin ya tsinke igiya ya yi daji. Na gode wa Allah da na yi nisa da shi. Ya fara kai da kawowa yana huci. "Mai da ni gari yanzu! In ishe Jabbi in hwaɗa mai gaskiyatai gaban jama'a!"

Na ce, "Kawu, in ka yi haka ka tona Bawa da kanka."

Ya tsaya. "To mi kaka so in yi? Ƙarya?"

"Ba ƙarya ba. Shiru."

"Ni ban ga bambancinsu ba."

A nan raina ya ɓaci, kuma ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na ce, "Kawu, zanar nan da kake yi wa ba'a ba don irinku aka kafa ta ba. Kai gidanka naka ne, wuƙarka taka ce, ba mai korarka. Don irin Bawa aka kafa ta. Kai in ka faɗi naka daɗi za ka ji, a yi maka shewa. Shi kuwa da 'ya'yansa za su kwana a waje."

Na jira ya zage ni, ko ya yi min alkawari, bai yi ko ɗaya ba. Ya hau bayan keke muka juyo. Har muka shigo gari bai ce uffan ba, sai da muka iso ƙofar gida ya sauka yana dafa ƙugu ya ce, "Keken ga naka ba na manya ba na."

Yinin ranar nan bakinsa bai rabu da goro ba, kafin ya gama tauna wannan ya jefa wani. Mai saye ya tambaye shi ko naman na yau ne, sai ya girgiza kai ya nuna rumfar maƙwabci da yatsa. Inna ta tsorata, ta ce tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa ganin haka ba, ta aika wurin malam a yi masa rubutu. Ni dai ban san abin da ya yanke ba.

Ranar zaɓe tun da sassafe layi ya fita daga makaranta ya zagaya bayan masallaci. Kowa ya ci ado kamar ranar salla, fararen riguna, sababbin huluna, har da waɗanda aka riƙo saboda tsufa. Daga cikin gidaje mata sai guɗa suke yi. Ni ina zaune a tebur da rajista da kwalbar tawada, ga ɗan sanda a bakin ƙofa, ta taga kuma ina hango Alhaji Jabbi a kan kujera ƙarƙashin tsamiya da mutanensa. Can a tsakiyar layi ga Bawa, kansa a sunkuye.

Aka buɗa wa Kawu hanya ya shigo, na farko. Na bi ƙa'ida na ce, "Sunanka?"

"Kai Mani! Ni kaka tambaya suna? Ni niy yanka ragon sunanka!"

Wakilan 'yan takara suka tuntsire da dariya. Na shafa masa tawada na miƙa masa takarda. Ya nufi zana, ya tsaya a bakinta ya ce, "Salamu alaikum!" Da ba a amsa ba ya shiga. Muka ji yana gunaguni a ciki, muka ji shiru, muka ji ya sake gunaguni. Ya daɗe har ɗan sanda ya fara leƙe. Sannan ya fito, bai dube ni ba, ya wuce waje. Na bar tebur na tsaya a taga, aikin ma na manta da shi.

Alhaji Jabbi ya miƙe yana fara'a, ya ɗaga murya don layi ya ji. "Malam Labbo, barka da hitowa! To wa yas samu sa'a? Hwaɗa muna kowa shi ji!"

Filin nan ya yi tsit. Kawu ya tsaya a tsakiya. Wallahi na ga maganar tana tasowa daga cikinsa, kumatunsa suka cika, jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya karyo masa duk da sanyin safiya. Ya buɗe baki ya rufe. Ya sake buɗewa. Na ce a raina shi ke nan, Bawa ya shiga uku.

Sai muryar nan ta fito, wadda ta tsai da motar lasifika.

"Jabbi! Na shiga, na jehwa, na hito. Abin da anka yi bayan zana, bayan zana shika zama. Ni da nig girme ku duka ban hwaɗi ba. Duk wanda yah hito yab buɗe baki, to ya ce ya hi ni na, kuma ni da shi!"

Kai, jama'a! Layi ya kaure da hayaniya, wasu na salati, wasu na dariya, wani tsoho yana tambaya ko Labbo lafiya yake. Alhaji ya yi turus. Ba dama ya ja da Kawu, ga girma, ga shi kuma fatun rundawa ne ke cika masa sito. Ya koma ya zauna yana gyara rawani.

Kawu bai tafi ba. Ya sa aka ɗauko masa buzunsa ya shimfiɗa a rana, daf da inuwar Alhaji, ya harɗe. Duk wanda ya fito sai ya dubi Alhaji, ya dubi Kawu, ya ja bakinsa ya wuce. Sau ɗaya wani yaron Alhaji ya gwada tare wani majemi, Kawu ya daka masa tsawa, "Mi kaka tambayatai? Ubangidanka ya tambaye ni, na amsa mai?" Ba wanda ya sake gwadawa.

Da layi ya zo kan Bawa na miƙa masa takarda ban ɗaga kai ba. Ya shiga, ya fito, ya bi ta gaban tsamiya. Da ya zo daidai buzun Kawu ya durƙusa kamar mai gaisuwa. Kawu ya dube shi ya ce da ƙarfi, "Bawa, hwatun jiya na nan, ka zo ka kwashe kahin su yi wari." Ni kuwa a bakin taga hawaye suka zubo min, na ce wa abokin aikina tawada ce ta shiga idona.

Mai tulu ne ya ci, in kuna son sani. Alhaji ya yi ta murna ya manta da zancen, Bawa ya ci gaba da zama a filin Alhaji har 'ya'yansa suka girma suka gina nasu. Da shekara ta zagayo aka samu 'yancin kai, Kawu ya yanka shanun walima, yana rabo yana gaya wa kowa wane ne mai tauri.

Amma akwatin da ya jefa wa, har yau ba wanda ya sani. Ba irin dabarar da ba a yi masa ba. Inna ta yi masa yajin magana, ya ce hutu ya samu. Abokansa suka riƙa yabon mai tulu a gabansa ko zai tanka, suka koma zaginsa, ya ce su ci gaba yana jin daɗin hirar. Mutumin da bai iya riƙe labarin abin da ya ci da safe ba, ya riƙe wannan, ya riƙe na Bawa, shekara da shekaru.

A ciwonsa na ƙarshe na shiga gaishe shi wata safiya, na same shi da ɗan sauƙi. Lokacin Alhaji Jabbi ya rasu, 'yan takarar ma duk sun bar siyasa. Na zauna a bakin gado na ce, "Kawu, yanzu kam ba wanda zai cutu. Tsakanina da kai, tulu ne ko fitila?"

Ya yafito ni da hannu. "Matso."

Na matsa.

"Ƙara matsowa."

Na kai kunnena daidai bakinsa. Ya tattara sauran ƙarfinsa ya zuba min a ciki, "Ba kai na malamin zaɓe ba? Ba ka jin kunya?"

Kunnen nan kwana biyu yana ƙara. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, na ba shi ruwa. Da ya lafa ya riƙe hannuna ya ɗora a kan cikinsa, wanda ciwo ya riga ya zuge. Ya ce, "Ƙurya guda nig gina cikin nan, Mani, duk tsawon raina. Bar min ita."

Na bar masa. Bayan kwana tara ya cika. 'Ya'yan Bawa ne suka yi rantsuwa ba mai taɓa makararsa sai su, tun daga ƙofar gidan nan har maƙabarta, ga Sani nan ku tambaye shi. Zauren nan kuwa tun daga ranar duk gardamar da kuke yi a cikinsa, ni shiru nake ji.

Allah ya jiƙan Kawu Labbo, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa makwanci. Yadda ya danne abin da ya fi ƙarfinsa don ya rufa wa bawan Allah asiri, ya Allah ka rufa masa nasa ranar da ba zana ba labule. Ku ce amin da ƙarfi, don shi ba ya son ta ƙasa-ƙasa.